Yadda Yankan Inji Ya Rufe Mani Baki

Sunana Hamisu, amma daga Tafoki har Sabuwa in ka ce Hamisu ba lalle a gane ba, sai ka ce Ofareta. Sana'ata yankan katako da injin zarto. Na rubuta wannan ne saboda bara na yi jinyar da ta kusa tafiya da ni, kuma abin da ya jawo ta abu ne da ke samun 'yan sana'armu kullum, mu ɗaure shi da tsumma mu ci gaba da aiki.

Da can daji muke shiga, mu yi sati muna kada maɗaci da doka da maje, mota ta zo ta kwashe. Yanzu kowa ya san masu dajin, ba mai kai kansa. Aiki ya dawo cikin gari da bakin gonaki: bedi, turare, mangwaron da ya daina 'ya'ya, duk itacen da mai shi ya gaji da shi ya samo takardar malamin daji. Itacen gida kuwa ba kamar na daji ba ne. An yi shekaru ana kafa mashi ƙusa, ana ɗaura mashi waya, ya girma ya haɗiye su. Ba ka sanin suna ciki sai sarƙar inji ta ci karo da su.

Abokin aikina Baba Tanko ne, mutumin wani ƙauye kusa da Pauwa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Kirista ne, iyayensa Maguzawa. Shi ke duba inda itace zai kwanta, shi ke jan igiya, shi ke jera falanki in na tsaga. Mun daɗe tare, har in inji na ruri ba ma buƙatar magana, hannu kawai yake ɗaga mani.

Da bazara, ana rububin gyaran gidaje kafin ruwa ya sauka, aka kira mu wani gida wajen Ruwan Godiya. Tsohuwar tsamiya ce a bayan gida, saiwarta ta fara tsaga katanga. A gindinta ake ɗaure shanu, ƙasar wurin duk taki ce. Muna zuba mai sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Yaro, tsamiya fa ba a taɓa ta haka nan." Maigidan ya ce an riga an yi sadaka, mu yi aikinmu.

Mun kada ta lafiya lau. Ina cikin gunduwa gindin ne sarƙa ta ci wani ƙarfe da ke binne a ciki, inji ya yi tsalle ya dawo ya shafi ƙwaurina na hagu. Takalmin roba ne a ƙafata, wandon kuma na yadi. Ban ji zafi ba da farko. Na dai ga kaina zaune daɓas cikin takin, jini na cika takalmi.

Baba Tanko ya yi abin da kowane ofareta ya sani. Ya wanke wurin da fetur, ya tsiyaya baƙin mai, ya ɗaure da tsumman da muke goge inji. La'asar ta wuce, kuma hanyar Faskari ba a bin ta a irin wannan lokaci, don haka muka nufi wani mai kemis a ƙauyen. Ya ɗinke yankan tsaf, ya ba ni ƙwayoyi. Yana wanke hannu ya ce, "Akwai wata allura da ya kamata a yi maka, amma ba na ajiye ta, sai da firij. In ka shiga gari ka nema." Na ce to. Aiki ya yi yawa lokacin, ƙafar kuma ta fara kamewa, ban nema ba.

Sati ya zagayo, ina ɗingishi ina fita aiki. Ran nan matata Barira ta kawo tuwo, na ɗebi loma, sai bakina ya ƙi buɗewa yadda ya saba. Na rage lomar, na tura ta ta gefe. Na ɗauka haƙori ne. Barira ta dafa mani ruwan gishiri da kanumfari na kurkure. Washegari wuya ya riƙe, in za a kira ni sai na juya gaba ɗaya. Ruwa ma ya fara yi mani gardama a maƙogwaro. Daga nan fuskata ta ja, leɓuna suka yage gefe da gefe, haƙora a waje. Ƙaramar ɗiyata ta ruga tsakar gida tana cewa, "Baba na ta dariya shi kaɗai."

Inna, mahaifiyata, ta shigo ta dube ni ta kama salati. Kafin azahar labarin tsamiya ya zagaye unguwa. Ɗaki ya cika. Wannan ya ce hayaƙi, wancan ya ce rubutu, wata ta ce akwai mata a wajen Kankara da ta san kan irin wannan, a kai mata baƙar akuya. Yayana Sale, wanda muke noma gandu ɗaya da shi, ya ce ba za a kai ƙanensa gidan bori ba, ya ɗauko malamin ruƙiyya.

Malamin ya durƙusa ya kafa baki a kunnena ya fara karatu da ƙarfi. Yana ɗaga murya sai jikina ya sandare, bayana ya lanƙwashe har ya bar tabarma. Mutane suka ce, "Ga shi nan, ya motsa! Karatu na ƙona shi!" Malam ya ƙara murya, jikina ya ƙara lanƙwashewa. Ban riƙe shi a rai ba, taimako ya zo yi. Amma ina so mai karatu ya san wannan: mai irin wannan ciwo hankalinsa garau yake. Ina jin kowa, ina gane kowa. So nake in ce masu ƙarar ce ke tayar da abin, a yi shiru don Allah, amma haƙorana sun sarƙe, sai gurnani ke fita. Gurnanin kuma suka ce muryar mai tsamiya ce.

Baba Tanko ya ga ban fito aiki ba, ya hau babur ya zo. Da ya shigo aka ba shi wuri, don kowa na ganin ɗan Maguzawa zai fi sanin sha'anin iskoki. Bai kalli fuskata ba ma sosai. Ƙafar ya kama ya kwance, ya sunsuna, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juya wajen Inna.

"Inna, ni cikin bori na tashi. Tun ina yaro nake ganin masu hawan iska. Mai iska magana yake yi, har ta yi yawa. Wannan ba ya iya cewa uffan. Na ga irinsa ga ƙanena, fartanya ta sare shi a gona. Haka ya yi ta wannan dariya, muna ta yanka kaji, har muka binne shi."

Inna ta ce, "To tsamiyar fa, Tanko?"

Ya ce, "Ni na ja igiyarta, ga ni tsaye. A nemo mota."

Yaya Sale ya fita neman mota. Da sassafe aka shimfiɗa mani katifa a bayan motar kasuwa. Wannan tafiya ba na fatan maƙiyina ya yi ta. Kowane rami mota ta faɗa, jikina sai ya ɗaure. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, ma'aikacin ya leƙo cikin motar kawai ya ce, "Wannan ya fi ƙarfinmu." Ya yi mani allurar da ta ɗan sassauta ni, ya rubuta takarda, ya ce mu wuce birni kada mu tsaya ko shan ruwa. Allah ya saka mashi, bai ɓata mana lokaci ba.

Ba zan faɗi sunan babban asibitin ba, don akwai waɗanda suka yi mana kirki, akwai waɗanda ba su yi ba, kuma duk suna can suna aiki. Mun isa da hantsi, aka ce sai an yanki kati. Yaya Sale ya shiga layi, layin ya kai bakin ƙofa. Aka ajiye ni kan benci a baranda, kusa da inda janareta ke ruri, rana na dukan idona. Barira na ta roƙon duk mai farin kaya da ya gifta, kowa ya ce ta jira kati. Wata mai shara ce ta ga yadda nake banƙarewa, ta jingine tsintsiyarta ta shiga ciki, ta fito riƙe da hannun likita kamar ta kamo ɗanta.

Likitan matashi ne. Ya tura wani ɗan katako cikin bakina, haƙorana suka datse shi. Ya ce, "Tetanos ne." Ya sa aka warware ɗinkin, ya tambayi inda abin ya faru da abin da aka zuba. Da Baba Tanko ya gaya mashi, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba ƙarfen ne ya kawo ciwon ba, ƙasar ce. An ɗinke taki a cikin ƙafarsa." Wannan magana ta zauna mani har yau.

Babbar allurar da ake buƙata babu ita a ɗakin maganin asibitin. Yaya Sale ya yini yana zaga kantunan magani na cikin gari kafin ya samu, kuma da ya ji kuɗinta sai da ya koma gida ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarmu kasuwa. Manomi ya san abin da ake nufi da a bar mutum da sa ɗaya ana gab da damina. Bayan wannan ma ba a daina saye ba: ruwan ƙari, safar hannu, auduga, sirinji, kullum da takardar da za a miƙo.

Aka sa ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, da alama da can ajiyar kaya ake yi a ciki. Likita ya ce abu uku ne abokan gabata: ƙara, haske, da taɓawa. Barira ta kwance zannuwanta ta toshe tagogi, ɗakin ya koma kamar cikin rumbu. Aka cusa mani auduga a kunne, aka zura roba ta hancina har ciki. Wata nas, Sista Talatu, ita ta koya wa Barira komai: yadda za ta tace koko ta dama da madara ta tura ta robar a hankali, yadda za ta jira magani ya kama ni kafin ta juya ni don kada bayana ya yi gyambo, yadda za ta share mani yawu ba tare da ta firgita ni ba. In Sista Talatu za ta shigo, takalmanta take cirewa a bakin ƙofa. Akwai wata kuma, ba zan kama sunanta ba, da ƙafa take tura ƙofa tana amsa waya. Duk ranar aikinta na san zan sha wuya. Barira ta yi mata magana sau ɗaya, ta ce ba za a koya mata aikinta ba.

Wanda bai gani ba zai yi wuya ya gane tashin ciwon. Ka san yadda jijiyar ƙafa ke ɗaure wa mutum in ya yini yana aiki? To haka, amma duk jiki a lokaci guda, har ciki da ƙirji. Baya ya lanƙwashe, ƙeya da diddige kawai ke taɓa gado. Numfashi ya tsaya. Na tauna harshena ban san iyaka ba. In ya saki sai zufa ta jiƙa zanin gado. Cokali ya faɗi a baranda ya isa ya tayar da shi. Ni da na yi shekaru rungume da inji yana ruri a kunnena, na koma ina tsoron tarin mutum.

Sati na biyu 'yan dubiya suka fara zuwa. A nan Barira ta yi baƙin jini. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna, duk wanda ya zo ta karɓi gaisuwa ta ce ba a shiga. Gwaggona ta taso tun daga Sabuwa da ƙwaryar fura, a wannan hanya da kowa ke tsoro, Barira ta hana ta. Ina jin su ta cikin audugar.

"Ni za ki hana ganin ɗan ƙanena? Kin san wanda ya goya shi?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ki rage murya. Ko ni ba na magana a ciki."

"To Allah ya ba ki shi ki cinye."

Har yau gaisuwarsu ba ta wuce ina kwana. Na je na ba Gwaggo haƙuri da kaina bayan na tashi, ta ce ta yafe, amma fuskarta ba ta ce haka ba.

Alhajin da na yi shekaru ina kai wa katako bai tako ba. Saƙo ya aiko, wai Allah ya sawwaƙe, kuma ina aka ajiye sauran falankin da ya yi oda. Baba Tanko kuwa ya ɗauki injina ya ba wani ofareta haya, duk ranar kasuwa ya zo ya miƙa wa Barira abin da aka samu. Ba ya neman shiga. Ya tsaya a baranda, ya cire hula, ya yi addu'arsa irin tasu ƙasa-ƙasa, ya juya.

A sati na uku ruwa ya sauka. Na ji ƙamshin ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa, ƙarar ruwan a kan kwano kuma ta tayar mani da ciwo har sai da aka ƙara magani. Zazzaɓi ya shigo, ƙirjina ya cika da majina. A ido babu wani sauƙi, sai ma rama. Ni kaina na riga na sallama.

Ran nan da rana Yaya Sale ya zo, ƙafafunsa duk taɓo. Ya tsaya bakin ƙofa yana magana da Barira ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"Inna ta ce a maido mata ɗanta. Ta ce in tafiya ce, ya tafi a gabanta. Kowa ya yi shuka sai mu. Yara suna hannun maƙwabta. Barira, ba gajiya na yi ba, amma dubi mutumin nan. Me ya ragu?"

Ta ce, "Yaya, mu ji ta bakin likita."

Likita ya zo ya ce masu ciwon nan ba ya saurin sauka. Dafin da ya riga ya kama jijiya ba allurar da ke ciro shi, sai ya saki don kansa. Ya ce, "Aikinmu mu riƙe shi da rai har ya saki. Ban yi maku alkawari ba. Amma in kun hau wannan hanya da shi, ba na jin zai kai gida." Ya ce in sun nace, sai su sa hannu su ɗauke ni.

Yaya Sale ya ce, "To a tambaye shi. Ai yana ji. Ransa ne."

Mutum ɗaya ake bari ya matso kusa da gadon, don haka Barira ce ta shigo, Yaya na tsaye a ƙofa. Ta sunkuyo har ina jin numfashinta, ta zare audugar kunnena ta ce, "Malam, ka ji abin da ake ciki. In gida kake so, rufe ido sau biyu. In zama kake so, bar su a buɗe."

Na gaji. Ina son ganin Inna, ina son a kwantar da ni kusa da mahaifina, ba a garin da ba wanda ya san ni ba. Kuma ina tunanin san da ya rage, kada shi ma ya bi ɗan'uwansa a kan gawa. Na rufe ido, na buɗe, na sake rufewa. Na yi shi a hankali yadda ba za ta yi kuskure ba.

Ta daɗe tana kallona. Ta mayar da audugar, ta miƙe, ta juya ta ce, "Yaya, ya ce mu zauna."

Wani irin haushi ya taso mani, nan take ciwon ya tashi, gado ya kama girgiza. Yaya Sale ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi, har ya fusata da na kawo maganar. Yi haƙuri, ƙanena. Ba zan sake ba." Ya juya ya tafi yana share ido.

Kwanakin da suka biyo baya, in Barira ta zo ba ni koko, rufe ido nake yi don kada in gan ta. Ta san dalili. Ta ci gaba da juya ni, tana wanke ni, tana kwashe abin da ba kowa zai kwashe wa wani ba. Ƙafafunta suka kumbura saboda zaman tabarma. Wani lokaci in ta ɗauka barci nake, sai in ji tana kuka a hankali, zani a cushe a baki don kada sautin ya tayar mani da ciwo.

A can gida kuma, Baba Tanko ya koro sansa tun daga wajen Pauwa, aka haɗa da namu, shi da Yaya Sale suka yi huɗar gandun. An makara, amma an shuka.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Zazzaɓin ne ya fara sauka. Sannan Barira ta lura an buga ƙofa ban sandare ba. Tashin ciwon ya riƙa jinkiri, in ya zo ma ba ya daɗewa. Sista Talatu ta riƙa gwada bakina da bayan cokali, yau ya shiga da ƙyar, jibi ya shiga da ɗan sarari, har ran da yatsanta ya wuce tsakanin haƙorana ta ce, "Alhamdu lillahi, ƙofa ta fara buɗewa." Aka ɗiga mani ruwa a harshe na haɗiye. Ban taɓa sanin ruwa na da ɗanɗano ba sai ran nan. Aka cire robar hanci, aka yaye zani ɗaya daga taga, bayan kwana biyu aka yaye sauran.

Tafiya sai da na sake koyo. Ƙafafuna sun koma kamar kara, bayana a sandare, Barira a dama, bango a hagu. Mai sharar nan da ta kamo mana likita ta gan ni a baranda ta saki guɗa, sannan ta toshe bakinta da sauri tana dubana ko zan faɗi. Muka yi dariya, ni da rabin baki.

Ranar sallama likita ya ce, "Kada ka ɗauka tunda ka yi shi ka gama da shi. Wannan ciwo ba ya hana kansa dawowa. Sai ka yi allurar riga-kafi, kuma ba ɗaya ba ce, za a gaya maka ranakun komawa." Aka yi mani ta farko kafin mu fito.

Mun iso gida dawa ta kai gwiwa. Inna ta rungume ni tana ta shafa fuskata. Har gobe ita dai ta ce asibiti ya yi nasa, amma sadakar da ta yi ta bayarwa saboda tsamiya ita ma ta yi nata. Ba na musu da ita.

Maganar da ke cikina ban fito da ita ba sai da na yi kwanaki a gida. Wata safiya Barira na tankaɗe a tsakar gida, yara sun fita, na ce, "Ran da Yaya ya zo, me na ce maki?"

Ba ta ɗago ba. "Cewa ka yi mu zauna."

"Na rufe ido, Barira. Har sau biyu."

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Can ta ce, "Ɗakin akwai duhu, Malam."

Ban sake tayar da maganar ba. Yaya Sale bai san wannan ba sai da na karanta mashi rubutun nan kafin in ba kowa. Da na gama ya ce, "Da ni na sunkuya ran nan, da na ɗauko ka. Allah ya yi mata albarka."

Na koma aiki bayan kaka. Hannuna bai dawo da ƙarfinsa duka ba, in na yi rabin yini sai na huta, muƙamuƙina kuma yana gajiya in na ci nama. San da aka sayar ba mu maye shi ba tukuna. Na sayi takalmi mai tsawo da wando mai kauri, ko ana zafi ba na cire su. Duk inda za mu, akwai jarkar ruwa mai tsabta da sabulu a bayan babur.

'Yan'uwana masu inji, da masu gatari, da manoma, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. In ƙarfe ya sare ka, ko yankan bai kai a faɗa ba, wanke shi da ruwa da sabulu har ƙasar ta fita. Fetur da baƙin mai na inji ne. Kada ka bari a ɗinke maka datti a ciki. Ka nemi allurar nan ko da za ka rasa aikin yini. In kuma ka ga wanda ya ji rauni bakinsa ya fara ƙin buɗewa, a yi mashi addu'a a hankali, a cikin mota, ana tafiya asibiti. Allah ya saka wa duk wanda ya tsaya mana, waɗanda na ambata da waɗanda ban san sunansu ba. Waɗanda suka gaza kuma, Allah ya sa kada su ga ranar da za su buƙaci a yi masu shiru.

Da lokacin allurata ta gaba ya yi, na bi abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya na ce su zo mu je tare. Wasu suka ce aiki, wasu suka ce su jininsu mai ƙarfi ne. Kaɗan suka biyo ni, da Baba Tanko, da Yaya Sale wanda ya ce shi rakiya kawai ya zo. A asibitin garinmu aka ce ranar awon ciki ake buɗe kwalbar, don mata masu juna biyu aka fi yi wa. Haka muka je muka jeru kan benci, ƙarti majiya ƙarfi masu warin fetur, mata na gefe suna ƙunshe dariya cikin hijabi. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta kasa haƙuri, ta ce, "Bayin Allah, ku kuma naku wata nawa?"

Baba Tanko ya shafa tumbinsa ya ce, "Nawa ya daɗe, Hajiya. Ya ƙi fitowa ne."

Wurin ya kaure da dariya, har ma'aikaciyar ta leƙo ta ce a yi mata shiru, wa zai fara. Ina ƙoƙarin miƙewa sai na ga Yaya Sale, mai rakiya, ya riga ni, yana naɗe hannun riga.